Surukin da Iya Rasaki Ta Zaɓa

Ajame, Abijan
4 ga Oktoba, 1986

Zuwa ga uwata Iya Rasaki, gidan Maƙera, Ejigbo.

Ina gaishe ki a durƙushe, gwiwa biyu a ƙasa. Yaya gida, yaya ƙafar nan taki? Ina fata man zafin da na aiko da Babbar Salla ya yi aiki. Ni lafiyata ƙalau, sai ɗan zazzaɓi da na yi cikin damina, shi ma ya wuce.

Labari biyu gare ni. Na farko, na bar shagon Alhajar da ta kawo ni garin nan ina 'yar shekara goma sha huɗu. Mun rabu lafiya, ta sa mini albarka. Tun farkon shekara ina da teburina a bakin kasuwa, ina sayar da man shafawa da sabulu da turare. Ba babba ba ne, amma ba mai aikena kuma.

Na biyun kuwa, Iya, sai da na yaga takarda uku kafin na iya rubuta shi. Akwai wani. Sunansa Tiamiyu, mutumin ƙauyen Ola ne, nan kusa da ku. Mai aski ne, shagonsa yana kallon teburina. Yana salla, ba ya shan taba, ko taka shi aka yi shi ne zai fara ba da haƙuri. Yana so manyansa su zo gidanmu su nemi aurena.

Na san ba ke kika haife ni ba, kakanku ɗaya ne kawai da marigayi Baba. Amma tun da aka binne shi, aka binne Mama, ke kaɗai kika rage da za a kwanta wa a ƙasa a roƙi aurena. In kin ce e, gidan Maƙera ya ce e. In kin ce a'a, ban san inda zan sa kaina ba, domin ba zan yi auren da ba a ɗaura shi daga gida ba, kamar wadda aka tsinta a tasha.

Ga hotonsa nan, shi ya ɗauki kansa da kansa. Ga kuma aceke, dambun rogon nan na Abijan, ƙulli biyu, da busasshen kifi.

'Yarki mai biyayya,
Wosilatu

*

Ejigbo
21 ga Oktoba, 1986

Wosilatu,

Na amsa gaisuwarki. Ƙafa tana nan, ba ta je ko'ina ba. Man zafinki ya fi yi wa hancina aiki a kan gwiwata. Ɗana Rasaki da matarsa suna Ibadan, ba su rubuto ba, ke nan ba sa bukatar komai. Allah ya sa albarka a teburinki.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da 'yan aji uku, saboda haka kowace takarda sau biyu nake karanta ta, na farko don abin da aka faɗa, na biyu don abin da aka ɓoye.

Na duba hoton. Na ga tulin gashi, na ga baƙin tabarau, na ga wuyan riga kamar kunnen giwa. Mutum ne dai ban gani ba. Mai askin da kansa ya fi ƙarfinsa, kan wa zai iya?

Na tambayi matan da suka dawo daga Abijan. Ɗaya ta ce ta san shi, gyaran agogo yake yi. Ɗaya ta ce ƙarya ne, mai hoto ne, shi ya ɗauki bikin 'yarta kowa ya fito ba kai. Ke kuma kin ce aski. Ko dai mutum uku ne, ko kuwa mutum ɗaya ne da zama wuri guda ke yi masa ƙaiƙayi. Irinsa na aura, ba labari aka ba ni ba. Uban Rasaki ya yi tela, ya yi kafinta, ya sayar da maganin basir a mota. Ranar da ya rasu, almakashi ya bar mini da zarto mara haƙori.

Ki buɗe kunne ki ji abu uku. Na ɗaya, zan yi bincike kamar yadda kowane gidan mutunci yake yi, in ji ko akwai hauka ko kuturta ko sata a zuriyarsu. Na biyu, kada shi ko inuwarsa su gifta ta gabana kafin Baba Salawu, mai shiga tsakanin gidajen nan, ya zo mun tsai da rana. Saurayin da ya kai kansa gaban surukai ba manya, akuya ya mai da kansa. Na uku, ya riƙe askinsa. In na ji ya sake canza sana'a, ko gwamna aka naɗa shi, magana ta mutu.

Aceken ya yi daɗi, kifin ya cika gishiri.

Uwarki,
Iya Rasaki

*

Tashar Ejigbo
23 ga Nuwamba, 1986

Wosila tawa,

Ina fata kina lafiya, ciniki yana tafiya. Ni mun iso lafiya, kwana huɗu a hanya, sai bayana da ke ciwo. Ina ba motar da za ta tashi yau wannan takarda, don ba zan iya riƙe maganar a cikina har in dawo ba.

Kin san yadda abin ya zo. Takardar Iya mai doka uku ta iso ne kwana huɗu bayan na sayar da kujerar aski na karɓi tuƙin motar Ejigbo. Muka ce mu yi shiru har ta huce. Kika ce in na iso in ba wani a tasha saƙonta ya kai mata, kada in yarda ta gan ni. To, ba ki gaya mini da ƙafarta take zuwa tasha ba.

Ina sauke kaya sai na ji an ce, "Kai ne sabon Sai Haƙuri?" Kin san a nan ba a tambayar sunan direba, abin da aka rubuta a goshin motarsa shi ne sunansa. Na waiga, ga wata tsohuwa da laima da jaka, tana dubana kamar na zo makaranta a makare. Ta ce, "Akwai saƙon Iya Rasaki ta gidan Maƙera?"

Wosila, ban san lokacin da na zube ba. Rubda ciki, ƙirji a ƙasa, cikin baƙin mai da ɓawon lemo. Jikina ne ya gane surukarsa, bai yi shawara da ni ba. Mutane suka taru. Na ji wani yana cewa a kawo cokali, farfaɗiya ce.

Ta ce, "Tashi, ɗan albarka. Shekara ashirin ina zuwa tashar nan, direba bai taɓa cire mini ko hula ba."

Da a nan abin ya tsaya da na gode wa Allah. Sai ta ja ni gefe.

"A Ajame kake zaune?"

"E, Iya."

"Ka san wani mai aski wai shi Tiamiyu?"

"Na san shi, Iya."

"Sanin shanu, ko sani na gaske?"

"Kusan kullum muna tare."

Sai ta zaro ɗan littafi da fensir daga jaka. Ta ce wane irin mutum ne. Yanzu ke ki faɗa mini, me zan ce? In na yabe shi, ranar da gaskiya ta fito za a ce ɗan Ola ya tsaya tsakiyar tasha yana yi wa kansa kirari gaban suruka. Uwata ba za ta sake shiga kasuwa ba. Sai na ce, "Mutum ne dai kamar kowa."

"Yana zama wuri ɗaya?"

"Kwanan nan dai yana ɗan yawo."

Ta rubuta. "Zai iya riƙe mace?"

"Yana ƙoƙari, Iya."

Ta rufe littafin ta ce, "Ƙoƙari shi muke rubuta wa ɗalibin da ya faɗi jarrabawa, don kada ubansa ya kashe shi."

Abin da ya cece ni, na bar Ola ina ɗan shekara goma sha biyu, ba wanda ya san fuskata a tashar nan, kuma na aske gashin nan tas. Shi ne aski mafi amfani da na yi tun da na shiga sana'ar. Ki yi mini addu'a, ta ce za ta dawo jibi da sauran tambayoyi.

Naki har kullum,
Tiamiyu

*

Ejigbo
15 ga Disamba, 1986

Wosilatu,

Muna lafiya, ina fata ke ma haka. Gwiwa ta ɗan yi sauƙi, domin na sami mai ɗauko mini wani magani daga Lome. Daga yau duk saƙona ta hannun direban Sai Haƙuri zai riƙa zuwa. Yaron nan ban san gidan da ya haife shi ba, amma sun iya tarbiyya. Zuwansa biyu, kwanciya shida ya yi mini a ƙasa. Kayana ba ya bari kowa ya taɓa, ladan dako kuwa ko na miƙa sai ya ɓoye hannu a baya. Aceken da ya kawo ko ƙulli ɗaya bai fashe ba.

Na je Ola bincike. Na ce masa ya aro ƙaramar mota ya kai ni, tun da motarsu tana hutun kwana uku. Ya ce cikinsa na ciwo, na ba shi jiƙon sabara. Ya ce bai san hanya ba, amma da muka tashi ko sau ɗaya bai yi tambaya ba, har wata 'yar hanya ya bi ta bayan gonar koko wadda ni kaina ban san da ita ba. Basira ke nan.

Muna isa bakin gari mota ta lalace. Ya shige ƙarƙashinta, ya ce in je in dawo. Na shiga a matsayin mai sayen manja, domin uwar Tiamiyu shi take sayarwa. Gaskiya ɗaya ce, gidan ba laifi. Ba hauka, ba kuturta, ba wanda aka taɓa ɗaurewa. Uwar mace ce mai tsabta, sai surutu. Ban ko tambaye ta ba ta ce tana da ɗa a Abijan wanda tun yana rarrafe ba a ajiye shi a dawo a same shi inda aka bar shi. Kin ji daga bakin da ya shayar da shi.

Ta ɗauko mini garwar manjan har bakin mota. Awa huɗu, yaron nan yana ƙarƙashi bai fito ba, ƙafafunsa kawai ake gani. Ta ce, "Sannu da aiki, direba." Ya amsa da wata 'yar siririyar murya, ina jin sifana ce a bakinsa. Ta tsaya tana kallon ƙafafun, ta ce, "Ikon Allah, babban yatsan nan sak na marigayi mijina." Nan take ƙafafun suka shige ciki. Kunya gare shi kamar amarya. Tana ba da baya mota ta tashi da bugu ɗaya. Kin ga mutumin da ya san aikinsa.

A hanyar dawowa na sake tambayarsa Tiamiyu. Ya ce, "Iya, shi kansa yana jin tsoronki." To, mara gaskiya ko a ruwa gumi yake yi.

Na tambayi direban ko shi yana da mata, ya ce tukuna. Ke da kike Ajame, kin san shi kuwa? Ki gaya mini yadda kike ganinsa. Tambaya ce kawai.

Uwarki,
Iya Rasaki

*

Ajame
3 ga Janairu, 1987

Iya,

Ina gaisuwa a durƙushe. Na ji daɗi da gwiwa ta yi sauƙi. Ni ma lafiya, ciniki ya buɗe da bikin sabuwar shekara, turare ya ƙare tas.

Na san direban Sai Haƙuri, Iya, na san shi sosai. Duk abin da kika yaba a wurinsa gaskiya ne, har da wanda ba ki gani ba. Yana da haƙuri, yana da tausayi. Ranar da ruwa ya kwashe mini tebur shi ya bi kwata yana tsinto kwalabe. Bai taɓa gaya mini maganar da ta hana ni cin abinci ba. Da na karanta yadda kika sa masa albarka sai da na yi hawaye a kasuwa. Wallahi in kin yarda da shi, ni ba ni da sauran damuwa a duniya.

Game da Tiamiyu, ina roƙonki kada ki yanke hukunci tukuna. Akwai maganar da nake neman bakin faɗa.

'Yarki,
Wosilatu

*

Ejigbo
20 ga Janairu, 1987

Wosilatu 'yar albarka,

Lafiya lau muke. Na karanta takardarki sau biyu, kuma ba sai kin nemi bakin faɗa ba, na ji. Layi takwas kika yi a kan direba, layi biyu a kan mai aski. Ko ɗan aji ɗaya ya san wanda ya ci. Na san kunya ce ta hana ki cewa kin yi kuskure, shi ya sa Allah ya yi manya.

Na ɗauke miki nauyin. Ranar Juma'a na tura Baba Salawu Ola, ya gaya wa uwar Tiamiyu kada su wahalar da kansu sayen doya da zuma, gidan Maƙera ba su da 'yar da za su ba ɗansu. Ya ce matar ta yi tsalle ta dire. Wai ta gane ni ce mai sayen manja, na ci amalarta na sha ruwanta na tafi ina auna ta. Ta rantse ko mata sun ƙare a ƙasar Yarbawa jininta ba zai haɗu da na gidan Maƙera ba. Na ce a gaya mata ba mu roƙa ba.

Ranar Lahadi kuma na tara gida kaf, maza da mata, na shaida musu na kori mai aski, na samo miki miji da idona. Kowa ya yaba.

Jiya na kira Sai Haƙuri na gaya masa duka. Da ya ji na sallami mutanen Ola sai ya zauna daɓas a ƙasa, ya ce a ba shi ruwa. Kin ga amana, abokinsa yake tausaya wa. Na ce ya bar wannan, kowa da rabonsa, ya faɗa mini inda iyayensa suke in tura Baba Salawu. Ya ce ba su da nisa. Na ce ina? Ya ce Baba Salawu ya ma san hanya. Daga nan murna ta hana shi magana.

Shi zai kawo miki wannan takarda. Ki dafa masa abu mai kyau, na ga ya rame.

Uwarki,
Iya Rasaki

*

Ajame
29 ga Janairu, 1987

Iya,

Ban san da wace fuska zan gaishe ki ba, amma ina durƙushe. Ina fata kina zaune lokacin da za ki karanta wannan.

Mutum ɗaya ne, Iya. Sai Haƙuri shi ne Tiamiyu. Ya bar aski kafin dokarki ta iso mu, ya ce mini ba ciniki. Tun yana saurayi ya iya tuƙi, da mai motar ya nemi direba sai ya karɓa. Da muka karanta cewa in ya sake canza sana'a magana ta mutu, tsoro ya kama ni, ni ce na ce mu ɓoye. Shi bai so ba. Bai yi niyyar ya gifta ta gabanki ba, kuma da kika same shi bai iya cewa ga ko shi wane ne ba, domin kin hana. Matar da ta ɗauko miki garwar manja uwarsa ce. Yatsan nan ma gadonsa ne.

Na ɗauka in kika san shi a hankali kika so shi, sai in faɗa miki gaskiya, ki yi faɗa ki huce. Ban san za ki so shi har ki kore shi ba.

Ya iso nan da takardarki a aljihu, kwana huɗu yana tuƙi da sallamarsa. Ya ajiye mini ita a kan tebur ya zauna kan kwalin sabulu. Yanzu uwarsa ta rantse, ke kin tara gida kin yi magana, duk a dalilin ƙaryata. Na ci amanarki, na sa ki kunya gaban mutanen da suke ganin girmanki. Ba ni da hujja. Ina sonsa, kuma ina tsoron rasa ki, shi ke nan abin da ya kai ni.

Ki zage ni, ki yi mini duk abin da kika ga dama, amma ki rubuto.

'Yarki mai laifi,
Wosilatu

*

Ajame
11 ga Maris, 1987

Iya,

Ina gaisuwa. Mota ta je ta dawo sau biyu ba takardarki. Tiamiyu ya ce ba kya zuwa tasha, kuma aceken da na aiko an mayar da shi yadda yake. Maganin gwiwa ma kin mayar. Wannan ya fi komai damuna, domin gwiwar ba ta yi miki ƙarya ba, mu muka yi.

Ni ba na jin daɗin jikina, amma ba ciwo ba ne. Jiya na ba wata mata man kitso a maimakon na fuska, ta dawo tana ƙyalli tana zagina.

Na gaya masa in kin ce a'a, a'a ce. Ba zan bi shi wurin limamin Ajame a ɗaura a ɓoye ba, ko da yake mutane suna ta ba mu wannan shawara. Ya ce shi ma ba zai yarda ba. Muna jiran bakinki.

'Yarki,
Wosilatu

*

Ejigbo
6 ga Afrilu, 1987

Wosilatu,

Ina lafiya, ba don ke ba. Takardunki biyu sun iso. Ta farkon sau ɗaya na karanta ta, ya ishe ni.

Ni da nake kama yaran da suka rubuta amsa a cinya, ni aka zaunar a mota aka kai ni binciken mutum, mutumin yana riƙe da sitiyari. Mako shida ban shiga kasuwa ba. Baba Salawu in ya hango ni sai ya kama tari, na san dariya yake haɗiyewa. Na yi fushi da ke, kuma na ji ciwo, domin ban ɗauka kina tsorona har haka ba. Wannan ya fi kunyar tsaya mini a rai.

Ranar Talata na je tasha. Yana ganina ya fara sulalewa ƙasa. Na ce, "Tsaya da ƙafarka, ban san da wanda nake magana ba tukuna. Wane ne kai yau?"

Ya ce, "Tiamiyu ne, Iya."

"Mai agogo, ko mai hoto, ko mai aski?"

"Duka, Iya."

"To, dukanku ku aro mota, Ola za mu. In ta lalace a bakin gari, ni zan shiga ƙarƙashinta in fito da kai."

Ba ta lalace ba. Uwarsa tana ganina ta ɗaure zane a ƙugu. Kafin ta buɗe baki na durƙusa mata, ni da na girme ta, da wannan gwiwa, a gaban garwoyin manja da kaji. Na ce na ci abincinta da wata fuska, na aika mata maganar da ba ta cancanta ba, ta yafe mini. Ta ce rantsuwa ta riga ta fita. Na ce ta ji labarin tukuna. Da na kai wurin ƙafafun nan, ta juya ta dubi ɗanta.

"Kai ne a ƙarƙashin mota?"

"Ni ne, Mama."

"Shekara uku ban gan ka ba, na tsaya a kanka ina ce maka sannu, ka amsa mini da muryar ɗan akuya?"

Ta kama masa kunne ɗaya. Na ce a ɗaga ni, mata biyu suka ɗaga ni, na kama ɗayan. A nan muka shirya da ita. Liman ya ce ta ciyar da miskinai goma rantsuwa ta warware, ta ce ɗanta ne zai sayi shinkafar.

Sauran dokata ta uku. Ni ba na cin maganata. Mai aski na hana shi, kuma ya hanu. Direba kuwa ni na zaɓe shi gaban gidan Maƙera kaf, ba zan koma in ce musu idona ya lalace ba. Amma sai da na tambaye shi a hanyar dawowa. Na ce ya tsai da mota, ya dube ni, ya faɗa mini gaskiya ko sau ɗaya a rayuwarsa, me ya raba shi da aski. Kin ce ba ciniki, ni kuwa matan Abijan sun ce layi ake yi a shagonsa.

Ya daɗe yana murza sitiyari. Ya ce agogo da hoto su suka kore shi, bai iya ba. Aski kuwa shi ya bar shi. Ya ce daga ƙofar shagonsa yana ganin teburinki, kuma duk ranar da motar Ejigbo ta tashi ta bi ta bakin kasuwa, sai ki bar mai ciniki a tsaye ki bi ta da kallo har ta sha kwana. Ya ce wata takwas yana kallon haka, har ya taɓa yanke wa wani kunne. Ya ce, "Iya, aski ba ya kai mutum gida. Na ce in motar tana hannuna, duk ranar da ta so ta ga gida sai ta hau kawai."

Na ce ya ja mota, ƙura ta shiga mini ido. Ban taɓa tambayarki ko kina son dawowa ba, Wosilatu. Na ɗauka tun da kina aiko da aceke, kin zama 'yar can.

An tsai da rana, Asabar ta ƙarshe kafin azumi. Za su kawo doya arba'in da biyu, da zuma, da gishiri, da goro da namijinsa, da akwati, da Alƙur'ani. Tiamiyu zai kwanta a ƙasa sau uku shi da abokansa. Waɗanda ya yi mini a tasha ba sa cikin lissafi, wani mutum ne ya yi su.

Ki rufe teburin ki taho da motar da ta kawo miki wannan. Na ce kada ya ba kowa kujerar gaba. Na sa an buɗe ɗakin mahaifinki an share, an cire ciyawar da ta rufe kabarinsa a bayan ɗakin. Shekara tara ta isa haka.

Uwarki,
Iya Rasaki